Tafiyar Sallama: Abin da Muka Koya a Hanyar Gwanja

Duk wanda ya taɓa zama a wata ƙasa domin karatu ko aiki ya san yadda makonnin ƙarshe suke. An gama jarrabawa, an mayar da littattafan aro, an fara ɗaure kaya, hankali kuwa ya riga ya koma gida. Yawancin mutane sukan cinye waɗannan kwanaki a kasuwa wajen sayen tsaraba. Mu ma niyyarmu ke nan. Amma abokanmu suka kawo wata shawara, wato mu haɗa kuɗi mu zaga ƙasarsu tare kafin mu rabu. Wannan ita muke kira tafiyar sallama. Muna so mu bayyana muku dalilin yin ta, da yadda ake shirya ta, da abin da takan tono daga zuciyar mutum, gama mun sani da yawa daga cikinku za su fita waje wata rana.

Mu uku ne muka tashi daga Nijeriya zuwa Ghana domin wani kwas na wata goma a Accra, birnin da tsofaffinmu suke kira Ankara. Abokan da muka shaƙu da su su ma uku ne. Ta fari 'yar kabilar Fante ce daga bakin teku. Na biyu ɗan kabilar Bulsa ne daga Sandema, can arewacin ƙasar. Na uku haifaffen zangon Kumasi ne, wanda kakan kakansa ya zo daga Kano da fataucin goro. Shi ne ya koya mana sunayen shugabannin ayari na dā, mu kuma muka raba wa juna cikin raha. Shi ya zama Madugu. Ɗan'uwanmu na Sandema ya zama Jagaba, tun da shi ya san hanyoyin arewa. 'Yar'uwarmu ta Fante muka so mu kira ta Uban Dawaki, wato mai biyan kuɗin fito da na hanya a madadin ayari, amma ta ƙi, ta ce Ma'aji ya ishe ta. Da waɗannan sunaye za mu ambace su.

Me ya sa sai a ƙarshe?

Baƙo ko da ido makaho ne. A watanninmu na fari ba mu san farashin kome ba, ba mu iya gaisuwa ba, ba mu san wace mota za mu shiga ba. In da mun yi tafiyar a lokacin, da kallo kawai za mu yi mu dawo. Amma bayan wata goma kunnenmu ya buɗe. Mun iya gaisuwa da harshen Twi, mun saba da ƙananan motocin haya da suke kira torotoro, mun kuma gane cewa in tsohuwa ta faɗi farashi da dubbai, da tsohon lissafi take yi, gama a 2007 aka sake kuɗin ƙasar, sidi 10,000 na dā ya zama sidi ɗaya.

Dalili na biyu shi ne babban birni ba shi ne ƙasa ba. Wanda ya zauna a Legas kaɗai ba zai ce ya san Nijeriya ba. Da muka zauna muka lissafa, sai muka ga a wata goma ƙafarmu ba ta wuce ɗakin kwana da aji da majami'a da kasuwa ba. Ghana tana da yankuna 16, mu kuwa ɗaya muka sani.

Dalili na uku shi ne abokai. A makaranta kowa yana da gadonsa da kwanonsa, saboda haka zaman lafiya ba shi da wuya. A hanya kuwa aljihu ɗaya ne, gajiya ɗaya, yunwa ɗaya. Nan ake sanin ko abota za ta rayu bayan an rabu.

Yadda muka shirya

Mun fara da kuɗi. Kafin kowa ya ba Ma'aji ko sisi, mu uku muka ware kuɗin motar komawa gida tun daga Accra har ƙofar gidajenmu, muka sa a ambulan, muka bar shi a hannun mai kula da ɗakin kwananmu. Abin da ya ragu shi muka auna da tafiyar. Kowa ya zuba daidai da na ɗan'uwansa. Ma'aji ta sayi ƙaramin littafi, kowane dare kuma takan karanta mana abin da aka kashe. Wasu za su ce wannan rashin yarda ne. Mu mun ga akasin haka, domin a kwana goma ba a taɓa jin maganar kuɗi ta ɓata wa wani rai ba.

Sai takardu. Bisa ga yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana iya shiga wata ƙasa ta ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya sami izinin zama. Izininmu yana da ranar ƙarewa, don haka daga wannan rana muka ƙirga baya, muka kuma bar kwana uku na ko-ta-kwana. Kowa ya riƙe fasfo da katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara a jikinsa, cikin leda.

Da fari mun yi marmarin komawa gida ta arewa, mu bi ta Burkina Faso da Nijar. Manya suka hana mu saboda rashin tsaro a gabashin Burkina Faso, muka kuwa ji maganarsu. Mai shirin irin wannan tafiya yanzu ya kuma sani cewa ƙasashen nan biyu tare da Mali sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, sai ya yi tambaya sosai kafin ya doshi iyakarsu.

Mun zaɓi farkon Disamba, lokacin hunturu, sa'ad da hanyoyin arewa suka bushe. A ƙarshe muka kafa doka biyu. Ta fari, in mutum ɗaya ya ce yana tsoron wata mota ko jirgi, dukanmu mun fasa shiga. Ta biyu, in an yi saɓani ba mai raba hanya da ayari sai an kwana an tashi. Mun kafa su muna dariya, ba mu san za mu bukaci dukansu biyu ba.

Bakin teku

Daga Accra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, a gefen teku. Nan ne babban birnin mulkin Ingila a ƙasar har 1877. Kusa da shi akwai Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482 domin cinikin zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingila a 1872. Ganuwar Cape Coast kuwa mutanen Suwidin suka fara ta a 1653 kafin ta faɗa hannun Ingila. Da cinikin bayi ya fi na zinariya riba, sai ɗakunan ajiyar kaya suka zama kurkukun mutane. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora a jiragen ruwa daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu kuwa daga wannan gaɓa suka tashi. Ingila ta haramta cinikin a 1807.

Mun karanta wannan duka a aji uku, amma gani ya kori ji. An shigar da mu kurkukun maza, aka kashe fitila na ɗan lokaci. Iska ba ta shiga sai ta wasu ƙananan kafofi can sama. Da muka fito, mai yi mana bayani ya nuna mana ɗakin da ke bisa kurkukun daidai, ya ce nan ne Turawan ganuwar suke yin sujada ran Lahadi. Mu da muka tashi a gidajen masu bi muka rasa abin faɗa.

Da yamma muna zaune a bakin ruwa muna cin kifi da dokunu, ɗayanmu ya fara zagin Turawa. Ma'aji ta bar shi ya gama, sa'an nan ta ce, “Ɗan'uwana, Bature bai shiga daji ya kamo kowa ba. A bakin teku ya tsaya. Dillalan da suka kawo masa, da yawansu mutanena ne.” Ta faɗi haka a hankali, ta ci gaba da cin abincinta. Mun yaba mata a ranmu, muna tsammani maganar ta tsaya a kanta.

Zangon Kumasi

Kumasi ita ce cibiyar Asante. Mun ga kasuwar Kejetia, wadda tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, mun kuma shiga tsohon gidan sarki na Manhyia, wanda aka gina a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya bayan ya dawo daga tsibiran Seychelles, inda Ingila ta kai shi zaman dole. Amma abin da ya fi kama zuciyarmu shi ne gidan su Madugu.

Kakarsa ta tarye mu a tsakar gida ta ce, “Maraba da mutanen Hausa. 'Ya'yana, yaya kuka baro gida?” A bakinta “Hausa” sunan ƙasa ne, wato arewacin Nijeriya duka. Muka durƙusa muka ce, “Lafiya lau, Hajiya.” Hausarsu ba ta cika rarrabe namiji da mace ba, sai ka ji an ce wa yarinya “ya zo”. Wannan ya ba mu dariya, gama irin abin da mutanen Kano suke yi wa Hausarmu ta Filato da kudancin Kaduna ba'a a kai ke nan.

A nan muka gane abin da muka yi wata goma muna ci ba mu lura ba. Shinkafa da wake da ake sayarwa a kowane lungu a Accra, sunanta a bakinsu “wace”, daga kalmar wake. Koko da ƙosai na safe, “Hausa koko” suke ce masa. Tuwon arewacin ƙasar kuwa “tuwo zafi” ne har a takardar gidajen abinci. Kalmar zango kanta, wadda asalinta masaukin ayari ne, ta zama sunan unguwannin baƙi a dukan manyan garuruwan Ghana.

Hajiya ta ba mu labarin 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. 'Yan'uwanta biyu suka tafi Nijeriya, ƙasar da ba su taɓa gani ba, ba su kuwa dawo ba. Ma'aji ta ce kawunta ma yana koyarwa a Nijeriya sa'ad da gwamnatin Shagari ta kori baƙi a 1983, aka mayar da kimanin 'yan Ghana miliyan ɗaya gida. Tsofaffin malamai za su tuna da malaman Ghana da suka koyar da lissafi da kimiyya a makarantunmu a waɗannan shekaru. Jakar nan mai zane-zane da kuke zuba kayanku a ciki ranar hutu, daga wannan kora ta sami sunanta.

Madugu ya bayyana mana fataucin da ya kawo kakanninsa. Goro a kurmin Asante yake fita, masu cinsa kuwa suna ƙasar Hausa da Barno. Fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan jima da gabu. Su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, inda Asante suke kawo goro. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida har shekara. Muka ji girman kai ya kama mu. Tun daga ranar, duk inda muka ji kalmar Hausa sai ɗayanmu ya ce, “Kun ji? Ba inda harshen nan bai je ba.”

Fito a Yeji

Daga Kumasi muka nufi arewa maso gabas ta Mampong da Ejura da Atebubu, tsohuwar hanyar goro, fiye da kilomita 200 zuwa Yeji. Kurmi yana raguwa, kuka da kaɗanya da ɗorawa suna bayyana, har ƙasar ta koma kamar gida. A Yeji hanya ta ƙare a bakin tafkin Volta. Wannan tafki hannu ne ya yi shi. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, ruwa ya rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, aka tashi kimanin mutum 80,000 daga garuruwansu. Wanda zai je Salaga ta nan sai ya haye zuwa Makango.

Mun makara, babban jirgin fito mai ɗaukar motoci ya riga ya tashi. Akwai kwalekwale mai inji da yake shirin tashi, an cika shi da buhuna da babura da mutane har bakinsa ya kusa taɓa ruwa. Biyar daga cikinmu muka ce mu shiga, domin in mun kwana a Yeji za mu rasa ranar da muka ware don ganin giwaye a gandun dajin Mole. Jagaba ya ce shi bai yarda ba. Ya ce ba a sare itatuwa ba kafin ruwa ya rufe ƙasar, kututtukansu suna nan a ƙarƙashi, jiragen da aka yi wa lodi fiye da kima kuwa sun sha kifewa da mutane a tafkin nan. Muka yi gunaguni, amma doka doka ce. Muka kwana a wani ƙaramin masauki, mata a ɗaki ɗaya, maza a ɗaya, sauro kuma a duka biyun. Ba mu ga giwa ba har muka bar Ghana. Kwalekwalen ya haye lafiya, ba za mu ɓoye muku ba. Duk da haka in an sake, abin da za mu yi ke nan.

Salaga

Salaga yau gari ne mai ƙura da shiru, da wuya ka gaskata cewa a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin wannan sashe na Afirka. Faɗuwarta ta fara a 1874, sa'ad da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya karye, goro ya daina zuwa kamar dā. Yaƙin basasa na 1892 a kan gadon sarauta ya ƙarasa ta, fatake suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo. Cikin waɗanda suka zauna a garin har da shahararren malamin nan mawaƙi, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Krachi ya rasu a can a 1934.

Amma goro ba shi kaɗai ake sayarwa a Salaga ba. Garin babbar kasuwar bayi ce. Waɗansu an kawo su a kan gandun da Gwanja da Dagomba suke biya wa Asante, waɗansu kuwa mahara suka kamo su daga ƙauyukan arewa. Wani dattijo ya zaga da mu. Ya nuna mana mari da sarƙoƙi, ya kai mu wajen rijiyoyin da suka sa ake yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu. Ya tsaya a wani wuri ya ce sunansa Wankan Bayi, nan ake yi musu wanka a shafe su da man kaɗanya domin su yi kyan gani a kasuwa. Ya ambaci wani wuri kuma a bayan gari, Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu.

Dattijon ya fara fassara sunayen, sai ya ga mu huɗu mun sunkuyar da kai tun bai fassara ba. Jagaba ma ya gani.

Da dare aka kawo tuwo a kwano ɗaya kamar kullum, Jagaba bai sa hannu ba. Ya ce, “Tun daga Kumasi kuke murna harshenku ya je ko'ina. To, ga inda ya je.” Ya ba mu labarin Babatu, shugaban mayaƙan Zabarmawa da suka addabi ƙasarsu a ƙarshen ƙarni na 19, suna kama mutane suna sayarwa. Ya ce a gidansu har yau ana ambaton sunan wata yarinya da ta tafi ɗiban ruwa ba ta dawo ba. Madugu ya fusata ya ce, “Babatu ba Bahaushe ba ne. Kakana goro ya saya.” Jagaba ya ce, “Wa ya ɗauki goron a ka?” Ya juya wajen Ma'aji ya ce ta ba shi rabonsa, zai wuce Tamale shi kaɗai. Ma'aji ta rufe littafinta ta ce, “Yayana, doka ta biyu. Sai da safe.”

Ba wanda ya yi barcin kirki. Can cikin dare 'yar'uwarmu da ta fito daga duwatsun Filato ta fita ta same shi a waje. Ta gaya masa cewa kakanninta a kan dutse suka gina gidajensu, suka kewaye ƙauye da shingen ƙerana, saboda tsoron mahara masu dawakai. Ta ce Hausa ta zo musu ta kasuwa da makaranta da majami'a, yau kuwa da ita take addu'a, da ita take yi wa ƙannenta faɗa, ba za ta iya yar da ita ba. Ta kuma tuna masa abin da muka karanta tare, cewa Hausawa da yawa su ma an kama su an kai su Bahia a ƙasar Brazil, har suka shirya tawaye a can a 1807. Harshe ɗaya ne mai saye da wanda aka sayar suka yi magana da shi.

Da gari ya waye Madugu ne ya fara magana. Ya ce, “Ɗan'uwana, jiya na ce kakana goro ya saya. Gaskiya ita ce ban san dukan abin da ya saya ba, ba zan iya rantsuwa ba. In ka yarda, ina so in je in gai da mutanenka.” Jagaba bai ce kome ba. Ya ɗauki jakarsa, ya ɗauki ta Ma'aji, muka nufi tasha mu shida.

Sandema da rabuwa

Daga Salaga zuwa Tamale wajen kilomita 120 ne. Daga can muka wuce Bolgatanga da Navrongo, muka isa Sandema. Mun tarar ana shirin bikin Feok, wanda Bulsa suke yi kowace Disamba domin godiyar kaka da kuma tunawa da nasarar da kakanninsu suka yi a kan mayaƙan Babatu. Samari suna gwajin rawar yaƙi da baka da gatari, da huluna masu ƙahoni. Babatu kansa, bayan Faransawa sun karya ƙarfinsa a 1897, ya koma Yandi ya mutu a can a 1907.

Madugu ya sayi goro a Tamale, gama a arewacin Ghana da goro ake gai da manya. Aka kai mu gaban kakan Jagaba, tsoho tukuf, tsohon soja. Jagaba ya gabatar da mu ɗaya ɗaya da harshensu, da ya zo kan Madugu ya daɗe yana magana. Madugu ya durƙusa ya miƙa goron da hannu biyu ya ce, “Baba, ga gaisuwa.” Tsohon ya amsa da Hausar bariki, wadda ya koya a aikin soja, ya ce, “Ɗana, tashi ka zauna. Ta ƙofa ka shigo.” Ya fasa goro ɗaya, ya ci ɓari, ya miƙa wa jikansa ɓari. Ba za mu ce wannan ya share abin da aka yi a Salaga ba. Amma a daren nan hannu shida ne suka shiga kwanon tuwo.

Tafiyar sallama tana da wani amfani da ba mu yi tsammani ba, wato tana rarraba zafin rabuwa. Jagaba muka bari a ƙofar gidansu. Muka shiga motar dare daga Bolgatanga, tafiyar wajen kilomita 800 zuwa Accra. Madugu ya sauka a Kumasi da tsakar dare, ya tura mana ƙwaryar goro ta taga, wato goro ɗari, ya ce mu kai wa iyayenmu. A Accra Ma'aji ta karanta lissafin ƙarshe, ta raba ragowar kuɗin kashi shida, ta aika wa waɗancan biyu nasu ta waya. Muka karɓi ambulanmu yadda muka bar shi. Ita ta raka mu tasha, muka bi ta Aflao da Lome da Kwatano da Seme zuwa Legas, saura kwana biyu izininmu ya ƙare.

Shawara ga ƙannenmu

In Allah ya kai ku wata ƙasa, ga abin da za mu ce muku.

1. Ku fara tara kuɗin tafiyar sallama tun watan fari, ko kaɗan kaɗan. Kuɗin komawa gida kuwa kada ya shiga asusun ayari.

2. Ku tafi tare da 'yan ƙasar. In ku 'yan gida ɗaya kaɗai kuka fita, hirar gida za ku yi ta yi a hanya.

3. Kada ayari ya yi yawa. Mutum huɗu zuwa shida sun isa su shiga mota ɗaya su ci a kwano ɗaya.

4. Ku sanar da iyayenku da hukumar makarantarku hanyar da za ku bi da ranar dawowa.

5. Ku sauka a gidajen abokanku in an gayyace ku, ku tafi da 'yar tsaraba, ku ci abin da aka ba ku. Zumunci a ƙafa yake.

6. Ku karanta tarihin wuraren kafin ku je, ku kuma shirya jin abin da ba zai yi muku daɗi ba game da naku mutanen. In ɗan'uwa ya faɗi ciwonsa, ku bar shi ya gama kafin ku kāre kakanninku.

Ma'aji ta bar mana littafin lissafin nan. A shafi na ƙarshe ta rubuta bashi ɗaya da ya rage, wato su uku suna binmu zagayen Nijeriya. Mun riga mun fara gardama a kan hanyar da za mu bi da su, da wuraren da za mu ji kunyar nuna musu amma tilas mu nuna. Allah ya ba mu rai da lafiya mu biya.